Shekarar da Na Hana Nasiru Buɗe Manhajarsa

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan ba na wurin. Kuna cewa Mama ta shiga aikin kwamfuta da tsufanta, ta zagaya ta bayan ɗanta ta kai ƙararsa wurin abokiyar aikinsa, ta sa ya ji kunya a gaban manyan kasuwa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Tunda jikokina sun fara tasowa suna jin sa a haka, gara in rubuta yadda abin ya faru tun ina iya riƙe biro.

A Agege aka haife ni, a gidan da kakana ya gina bayan ya bar aikin soja. Na yi shekara talatin da wani abu ina sakatariya a wani kamfanin yin robobi a Isolo. Na fara da tafireta, na gama da kwamfuta, kuma duk wata takardar umarni da za a manna a bango don ma'aikata, ta hannuna take bi. A can na koyi cewa mutum yana iya rubuta jimlar da shi a ganinsa ba ta da duhu ko kaɗan, amma wanda ya zo jiya ya karanta ta ya yi akasin abin da ake nufi. Mahaifinku kuwa, Allah ya jiƙansa, dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, saboda haka maganar buhu da kwando da lodi ita ce hirar gidanmu tun kafin a haife ku. Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta biyu bayan rasuwarsa. Na yi ritaya, na gama takaba da daɗewa, kuma ba ni da abin yi sai zama a baranda ina kallon motocin haya na danfo suna wucewa. Ba na son in faɗa, amma zaman ya fara cin raina.

Nasiru, ɗana na uku, shi kaɗai ya rage a gida a lokacin. Shi da wata abokiyar karatunsa Bayarabiya mai suna Bisola sun kama ɗan ofis a Ogba, suna haɗa wata manhaja don 'yan kasuwar kayan gwari. Abin da suke so shi ne, ɗan kasuwa ya ɗauki waya ya yi saƙon murya da Hausa ko Yarabanci, ya ce yana son mota ta kai masa tumatir Ikorodu gobe da safe, sai manhajar ta nemo direba ta shirya komai. A cikin manhajar akwai abin da suke kira wakili, irin ƙirƙirarriyar basirar nan da ke jin magana ta kuma aikata. Wakilin ba shi da hannu. Abin da yake da shi kayan aiki ne da suka haɗa masa: ɗaya na neman mota, ɗaya na duba inda mota take, ɗaya na sauya lokaci, da sauransu. Kowane ɗaya yana da ɗan bayani da aka rubuta a kansa da Turanci, kuma wannan bayanin kaɗai wakilin yake karantawa ya san wanne zai ɗauka da yadda zai yi da shi.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar Nasiru yana zaune a falo da kwamfutarsa a cinya, yana ta tsaki. Na tambaye shi abin da ya faru.

"Mama, wannan abu ne ya ƙi hankali. Na ce masa kwando arba'in na tumatir, ya je ya kira mini akori-kura."

"To kai me ka rubuta masa?"

Ya juyo mini da kwamfutar don kawai in ƙyale shi. Na sa tabarau na karanta. A wurin da ake faɗin yawan kaya, abin da ya rubuta shi ne "adadi", ba ƙari.

"Adadin me?" na ce. "Kwando ko buhu? Kwandon ma, babban da ake kawowa daga Arewa, ko ƙaramin da mata ke saye su kasa? Buhun albasa arba'in da kwandon tumatir arba'in ai ba mota ɗaya ke ɗaukar su ba."

"Ai kowa ya san wannan."

"Kai ka sani, don a gidan dillali ka tashi. Shi a gidan wa ya tashi?"

Sai ya gyara jimlar a gabana, ya rubuta cewa a faɗi irin kayan, da irin mazubinsu, da yawansu, ya kuma sa misali ɗaya. Ya sake gwadawa. Wakilin ya kira babbar mota. Ya gwada da albasa, ya gwada da attarugu, duk ya yi daidai. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na yi shekaru ina gyara jimlolin mutane, sai a yi wata guda kafin in san ko gyaran ya yi amfani. Ga shi nan yau na sa an gyara kalma biyar, a cikin minti ɗaya na ga abin ya canja hali. Na ce masa ya ba ni sauran in gani.

Ranar Talata Bisola ta zo gidan da kanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, muka yi hira da Yarabanci, sannan ta ajiye mini takardu ishirin da 'yan kai da ta buga.

"Alhaja, mu mun rubuta su, idonmu ya saba da su, ba ma ganin laifinsu. Muna son wanda zai karanta ya faɗa mana wanne ya fita sarai, wanne bai fita ba. Kuma ba zan bari a buɗe wa mutane komai ba sai kin ce ya yi."

Na ce mata ni ban san yadda ake haɗa manhaja ba. Ta ce abin da ya sa ta zo ke nan.

Haka na fara. Ba zan iya kwatanta muku daɗin da na ji a watannin nan ba. Ina idar da sallar asuba, in sha koko, in shimfiɗa takarduna a teburin cin abinci. Dabarata ita ce in rufe sunan kayan aikin da tafin hannu, in karanta bayanin kawai, in mai da kaina baƙuwar da ta sauka Legas yau, wadda ba ta san kowa ba kuma ba ta da wanda za ta tambaya. Sai in ce: da wannan takardar kaɗai a hannuna, me zan yi? Idan hanya ɗaya ce tak ta zo mini, takardar ta wuce. Idan biyu suka zo, in rubuta su duka a gefe. Na tarar da kayan aiki biyu da bayaninsu ya kusa zama ɗaya, wakilin kuwa yana ɗaukar wannan yau, gobe ya ɗauki wancan. Na tarar da inda aka rubuta "wurin ɗauka" ba a ce ko sunan unguwa ake so ko lambar rumfa ba. Akwai wanda Nasiru ya cika shi da bayanin yadda ya sha wahalar haɗa shi, amma bai faɗi lokacin da ya kamata a yi amfani da shi ba. Wannan kam na yi dariya har ƙwalla.

Daga baya suka sa mini manhajar gwaji a wayata, wadda motocinta da direbobinta duk na ƙarya ne. Sai na koma ina yi wa wakilin saƙon murya iri-iri. In yi da muryar Bakano mai sauri, in yi irin ta mutanen Nijar da ke cusa kalmar Faransanci, in yi irin tamu ta 'yan Agege da muke haɗa Hausa da Yarabanci da Turanci a jimla ɗaya. Buƙata ɗaya nakan maimaita ta sau goma in ga ko zai yi abu ɗaya duk sau goman. Babbar yayarku ta kira ni wata rana daga Kaduna ta ji ina cewa a kawo mini tirela biyu, ta ɗauka na fara ruɗewa. Maƙwabciyata ta leƙo ta taga ta tambaye ni ko na koma kasuwancin marigayi. Na daina zaman baranda. Har ciwon gwiwata na manta da shi.

Abu ɗaya da na lura da shi, wanda ya sa na ji tausayin wakilin nan, shi ne ba ya cewa bai gane ba sai an rubuta masa cewa yana da izinin tambaya. Idan bayani ya bar gurbi, sai ya cike gurbin da abin da ya ga ya fi kama da daidai, ya wuce da ƙarfin gwiwarsa. Na ga sababbin ma'aikata da yawa masu irin wannan hali a Isolo, waɗanda ke tsoron a ce ba su da kai. Yawanci ba laifinsu ba ne, laifin wanda ya rubuta takardar ne.

Ana cikin haka Nasiru ya samu babbar dama. Alhaji Ɗanlami, aminin mahaifinku, wanda 'yan tumatir da yawa ke jin maganarsa a kasuwa, ya yarda zai tara mutanensa ranar wata Asabar a buɗe manhajar a gabansu, kuma daga ranar su fara tura kayansu ta cikinta. Lokacin tumatir ne, motoci na ta sauka daga Arewa. Alhaji ya sa an kama rumfa da kujeru, ya aika wa mutane har Ikorodu. Ya gaya wa kowa cewa ɗan amininsa ne, shi ya tsaya masa. Nasiru ya yi ɗinki sabo. Ni ma na fito da leshina na ajiye.

Ranar Laraba, saura kwana uku a buɗe, na kai kan takarda ta kusa da ƙarshe, ta kayan aikin soke tafiya. Jimla ɗaya ce: yana soke tafiyar da mai kaya ya nema. A ƙasa akwai wurin sa lambar tafiya, an rubuta cewa ba dole ba ne. Na rufe sunan da hannu kamar kullum, na tambayi kaina: to idan ban sa lambar ba fa? Takardar ba ta ce komai ba. Na ɗauki waya, na shirya tafiya uku ta gwaji, ɗaya Ikorodu, ɗaya Isolo, ɗaya Agege. Na ce, "Ka soke mini ta Ikorodu, mai saye ya fasa." Ya soke ta Ikorodu. Na sake, ya yi daidai. A karo na huɗu sai ya ce mini an gama, na duba, tafiyoyin uku duk ya soke su. Na ci gaba har sau goma. Sau uku ya share komai.

Na san abin da wannan ke nufi, domin na ga mahaifinku ya dawo gida ranar da mota ta ƙi zuwa. Tumatir ba ya jiran gobe. Mutumin da ke da lodi biyar ya soke ɗaya, direbobi huɗu su kama gabansu su ɗauki wani aikin, shi yana tsaye a rana yana jiran motar da ba za ta zo ba.

Da Nasiru ya dawo da yamma na nuna masa. Ya dafe kai, ya ce ya tuna: idan ba a sa lamba ba, kayan aikin share komai yake yi, kuma tun farko ya bar shi haka ne don ya riƙa share tafiyoyin gwaji gaba ɗaya, ya manta bai cire ba. Ya ce ƙaramin abu ne. Washegari Alhamis ya kawo mini gyara. Ya ƙara jimla ɗaya: a yi hattara wajen amfani da wannan.

"Hattara da me?" na ce.

"Mama, zai gane."

"Ni ban gane ba. Ka ce mini in yi hattara, ba ka ce mini ga ramin ba."

Ya sake rubutawa, ya ce lallai a sa lamba. Na gwada sau ishirin a gabansa. Sau goma sha tara ya yi daidai. Sau ɗaya, da na yi maganar da sauri ban ambaci gari ba, ya share komai.

"Ɗaya cikin ishirin," in ji shi. "Kuma sai mutum ya yi magana a hargitse."

"A kasuwa wa ke magana a natse?"

Ya ce gyaran gaske shi ne a sauya kayan aikin kansa yadda ba zai motsa ba sai da lamba, a kuma rubuta wa wakilin cewa ya tambaya idan bai tabbata ba. Amma taɓa wannan zai taɓa wasu wurare, sai an sake gwada komai daga farko, aikin sati biyu ko uku. Ya ce a buɗe ranar Asabar, shi zai zauna ya sa ido a kan kowace sokewa da kansa har a gyara. Na tambaye shi ko zai sa ido yana sallah, ko yana kan achaba. Ya ce, cikin ladabi, cewa shekara biyu ya yi yana jiran wannan Asabar ɗin, kuma Alhaji ya sa sunansa a ciki.

"Ki sa hannu kawai, Mama. Bisola ba sai ta ji wannan yanzu ba."

Ga wurin da nake so ku ji da kyau, don a nan ne labarinku ya karkace. Ban zagaya ta bayansa ba. Na ce masa, "Bisola ta ba ni aikin nan a kan in faɗa mata gaskiya. Ka kira ta ka faɗa mata da bakinka, shi ya fi. In ba za ka kira ba, ni zan kira, kuma a gabanka." Na ajiye wayata a tebur tsakaninmu. Muka zauna har aka kira la'asar. Na tashi na yi sallah na dawo, yana nan inda na bar shi, bai kira ba. Na ɗauki wayar na kira ta, na sa yadda zai ji muryarta. Da Hausa na fara don kada ya ce na ɓoye wani abu, sannan na maimaita mata da Yarabanci. Ta tambaye ni sau nawa na gwada. Na faɗa mata. Ta ce a ɗaga.

Nasiru ne ya je ya gaya wa Alhaji Ɗanlami ranar Juma'a. Ban san abin da aka faɗa a wurin ba, bai taɓa gaya mini ba. Na dai san an riga an kafa rumfa, kuma wasu daga Ikorodu ba su samu saƙon ba, sun zo ranar Asabar sun tarar da kujeru babu kowa. Nasiru ya dawo ya ɗauki jakarsa ya ce aiki ya yi yawa, zai riƙa kwana a ofis. Sati biyar bai ci abincin gidan nan ba. Yana kira ya gaishe ni kowace safiya, gaisuwa kawai, ya ajiye. Yayyensa suka yi ta kirana, kowa da abin da yake faɗa, mafi yawa suna cewa ai uwa rufa wa ɗanta take yi. Na mai da leshina cikin akwati.

Na je gidan Alhaji da kaina na ba shi haƙuri. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama.

"Hajiya, na ji, kuma ban ce kin yi laifi ba. Amma ni na tara mutane da bakina. Ba zan iya sake tara su a kan abu ɗaya ba."

Bai sake ba kuwa har yau. Mutanensa da yawa ba su taɓa shiga manhajar ba. Da aka buɗe ta bayan sati uku, ba rumfa ba kujeru, da 'yan albasa bakwai aka fara, kuma an yi shekara guda kafin a kai inda da an kai a wata ɗaya. Wannan asarar Nasiru ce, kuma ni na jawo ta. Ba zan ce muku na tabbata da an buɗe ranar Asabar ɗin da wani ya yi hasara ba. Mai yiwuwa da an wuce lafiya. Abin da na sani shi ne an tambaye ni ko takardar ta fita sarai, kuma ba ta fita ba.

A duk satuttukan nan ban daina aiki ba. Bisola tana turo mini sababbin takardu, ina dubawa ina mayarwa. Na gane rubutun Nasiru a cikinsu ko da ba suna, kuma na ga yana canjawa. Ya fara faɗin abin da kayan aiki ke yi, da abin da ba ya yi, da abin da zai faru in an bar wuri babu komai. Ta takardun nan muka riƙa magana ni da shi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi ya shigo. Ya gaishe ni, ya zauna, ya tambaya ko akwai sauran tuwo. Na zuba masa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Da ya wanke hannu ya ce sun ɗauki mutum biyu sababbi da za su riƙa duba bayanai, ko zan iya zuwa Ogba ranar Litinin in nuna musu yadda nake yi.

Na shiga danfo ranar Litinin da jakata a cinya, ina jin kaina kamar ranar da na fara aiki a Isolo. Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon taya. Na tarar da mata biyu suna jira, ɗaya 'yar Jos, ɗaya 'yar unguwarmu. Nasiru ya tsaya a gabansu ya nuna ni.

"Wannan mahaifiyata ce. Duk kamfanin nan ba wanda ya ba ni wahala kamarta. Ina so ku koyi yadda ake yi."

Ya miƙa mini takarda ya ce mu fara da ita, shi ya rubuta ta jiya, kuma yana ganin wannan karon ba zan samu komai ba. Na sa tabarau, na rufe sunan da hannu, na karanta a hankali har ƙasa. Ta yi kyau ƙwarai, na kuma faɗa masa haka a gabansu. Sannan na miƙa wa 'yar Jos ɗin, na ce ta karanta layi na huɗu da ƙarfi, ta gaya mana ko "safe" ƙarfe nawa ne.